Madubin hangen nesa ko kyamara: me mai son tsuntsaye zai fara saya a Sakkwato?

Duk wanda sha'awar kallon tsuntsaye ta kama, ba ya daɗewa sai tambaya ɗaya ta tsare shi: ɗan abin da ya tara, madubin hangen nesa zai saya ko kyamara? Kaɗan ne cikinmu ke iya haɗa biyun a tashi ɗaya, ga shi farashinsu dala yake bi. Yawancin matasan da ke kawo mini wannan tambaya sun riga sun yanke hukunci a ransu. Kyamara suke so, domin hotunan da suke gani a Facebook da Instagram ne suka jawo su tun farko. Ni kuwa madubi nake cewa a fara da shi. Sai dai amsar ba ta dace da kowa ba, kuma abin da ke raba gardamar shi ne inda za ka riƙa zama da irin nisan da zai kasance tsakaninka da tsuntsun.

A tsakar gida tsuntsu ne ke zuwa wurinka. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, babu abin da ke kiran tsuntsu kamar ruwa. Ka sami kasko marar zurfi, ka zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, ka sa dutse a tsakiya don ƙananan su sami wurin tsayawa, ka ajiye shi a inuwar dogon yaro ko magarya, inda kyanwa ba ta da maɓoya kusa. Ruwan a riƙa sauya shi kullum saboda sauro da cuta. In ka ƙara da ɗan tsakin gero, to ka gama. Baiwar Allah ce kan fara sauka, namijin ja, macen ruwan ƙasa. Sai 'yar'uwarta mai shuɗin ƙirji wadda namijinta ke da ɗigon ja a kunci, sai kurciya, gwara, marai, wani lokaci cilakowa ta leƙo daga reshe. Da damina za ka ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi yana bin sawun baiwar Allah. Ba banza yake bin ta ba: macensa a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwai, ita ce ke reno mata 'ya'ya. Duk wannan yana faruwa ne taku biyar zuwa goma daga tabarmarka. Ke ma 'yar'uwa da ba ki cika fita ba, wannan fagen naki ne, watakila ma kin fi maza samun natsuwar da yake buƙata.

Bakin ruwa wani al'amari ne daban. A fadamar Kwalkwalawa kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko tafkin Kware, ko gonakin shinkafa na wajen Wurno, kai ne ke bin tsuntsu, shi kuwa ba ya yarda da kai. Zalɓe da kirinjijiya da dinya kan tashi tun kana nesa, zakaran ƙeƙuwa kuma da ya hango ka zai cika wurin da ihu ya sanar da kowa. Daga Satumba zuwa Oktoba baƙi ke fara sauka daga Turai da yammacin Asiya, ƙananan agwagi da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsince-tsince a laka, su zauna tare da mu har Maris ko Afrilu. A nan mita arba'in kusa ce, sau da yawa ma ɗari ce tsakaninku.

Madubi yana aiki a wuraren nan biyu, wannan ne dalilina na farko. Za ka ga lambobi biyu a jikinsa, misali 8x42. Na farko yana nufin ya matso maka da abu sau 8, wato tsuntsun da ke mita 80 ka gan shi kamar yana mita 10. Na biyun faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, shi ke tara haske. In ka raba 42 gida 8 za ka sami 5 da ɗoriya, faɗin hasken da ke isa ƙwayar idonka ke nan, kuma ya wadatar har da sanyin asuba da gab da magariba. Masu farawa sukan ɗauka cewa babbar lamba ita ce alheri, sai su nemi 12 ko 20. Amma duk yadda madubi ke ƙara girman tsuntsu, haka yake ƙara girman rawar hannunka, kuma filin da kake gani yana tsukewa. Mai 8x42 na kirki yakan nuna maka faɗin wajen mita 130 a nisan kilomita ɗaya, mai 10x42 kuwa kimanin 110. Bambancin kamar kaɗan ne a takarda. A cikin ganyen dogon yaro, inda ɗan tsuntsu ke tsalle daga reshe zuwa reshe, shi ne bambancin gani da rashin gani. Wanda ya san fadama kawai zai riƙa zuwa, kuma hannunsa ba ya rawa, 10x42 zai yi masa. Wanda zai haɗa gida da daji ya tsaya a 8x42.

Akwai tarko a kasuwa, kuma ya kama mutane da yawa. Madubai ne masu jan gilashi ko ruwan goro, an rubuta musu lambobi masu ban mamaki irin 60x60, wasu kuma da ɗan hannu na zuƙowa. Lambobin ba gaskiya ba ne, gilashin kuma yana dusashe launi, alhali launi ne rabin abin da kake nema. Araha ba ta ado. Kafin ka biya, ka fito waje da shi ka dubi wayar lantarki ko hasumiyar masallaci. In ka ga abu ɗaya ya zama biyu, ko ka ji idonka yana ja bayan minti guda, ɓangarorin biyu ba su daidaita ba, kuma ciwon kai kawai zai riƙa ba ka. Ka riƙe shi nesa da fuska ka dubi ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido, ya kamata ya zama zagayayye tas. Ka gwada abu na kusa: in ba ya iya fito da abin da ke mita uku sarai, ba zai yi maka amfani a kan kasko ba. Mai sa tabarau ya tabbata bakin da ake kanga ido yana murɗuwa ya koma ciki. Sannan ka nemi wanda aka rubuta ruwa ba ya shigarsa. Ba don ruwan sama ba, wanda 'yan watanni ne a wurinmu. Madubin da aka toshe wa ruwa, ƙura ma ba ta samun hanya, ita ce kuwa babbar abokiyar gabar kayan gilashi a ƙasar nan. Nikon Prostaff, Celestron Nature DX da Vortex Diamondback duk suna cikin matsakaitan da suka yi suna. Tsohon samfuri mai faɗin kafaɗa irin 8x40 na Olympus ko Nikon ya fi araha kuma yana gani da kyau, illarsa galibinsu ba a toshe suke ba.

Dalilina na biyu ya fi na farko nauyi a wurina. Madubi yana koya wa mutum tsuntsu. Da ido biyu kake kallo, tsuntsun yana motsi, kana ganin yadda taka-a-bado ke shimfiɗa dogayen yatsunsa kan ganye, yadda cinawuya ke tsayawa cak a iska kafin ya faɗa ruwa, yadda carki ke zagaya wuyan saniya. Mai kyamara hankalinsa na kan maɓallai, yana fargabar kada tsuntsun ya tashi kafin ya danna. Na sha ganin wanda ya cika memori da hotuna amma bai san kukan ko ɗaya daga cikinsu ba, bai kuma san abin da suke ci ba. Ga shi madubi ba ya neman caji, ba ruwansa da ɗaukewar wuta, nauyinsa bai cika wuce giram 700 ba, kuma in ka kula da shi zai yi shekaru yana aiki kamar sabo, lokacin da kyamarar da aka saya tare da shi ta daɗe da zama tsohon yayi.

Abin da madubi ba ya iyawa ɗaya ne, kuma babba ne: ba ya barin shaida. Baƙin nan na bakin laka da ke zuwa da hunturu duk sun tuɓe adon da suke yi a ƙasashensu, kusan dukkansu toka-toka ne ko ruwan ƙasa. Bambancinsu yana tsawon baki, launin ƙafa, ko wani farin layi a saman ido. Sabon shiga ba zai riƙe wannan a ka ba. Da hoto kuwa, ko marar kyau ne, zai zauna da dare ya kwatanta da littafi, ko ya tura wa wanda ya fi shi sani.

Kyamarorin da ake magana a kansu iri biyu ne. Akwai wadda gilashinta a manne yake, ba a cirewa, amma tana zuƙo nesa ƙwarai. Nikon P900 da ta fito a 2015 tana zuƙowa har daidai da gilashi mai milimita 2000. P950 ta 2020 nisansu ɗaya amma an gyara mata abubuwa, P1000 ta 2018 tana kai wa 3000 sai dai nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi. Canon SX70 HS da Panasonic FZ80 ba su kai su nisa ba, milimita 1365 da 1200, amma nauyinsu kimanin giram 600 ne, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Don ka gane girman lambobin nan, abin da madubi mai 8 ke nuna maka ya yi kusa da na gilashi mai milimita 400. Ke nan P900 tana matso da abu ninki biyar a kan madubin.

Sirrin wannan nisa shi ne sensa ɗinsu, wato ɗan allon da ke karɓar haske a cikin kyamara, ƙarama ce, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ƙaramar sensa haske take ci da yawa, in ya yi ƙaranci sai hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa. Wanda ke dajin kudu, ƙarƙashin manyan itatuwa, zai sha wuya da ita. Mu a nan Allah ya hore mana rana, fili kuma a buɗe yake, don haka rauninta bai cika cutar da mu ba. Inda take gazawa shi ne tsuntsu mai tashi. Kafin ta kama shirwa ko tsattsewa a iska, sun bar wurin. Kuma in ka zuƙo har ƙarshe, neman tsuntsun kansa aiki ne, kamar mai leƙen kasuwa ta ramin makulli. Dole ka koyi ja da baya ka nemo shi, sannan ka sake zuƙowa.

Kada lambar 2000 ɗin nan ta ruɗe ka, domin iskar Sakkwato tana da nata hukuncin. Da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke kan laka da yashi sai ta fara rawa, irin wadda ke haifar da kawalwalniya a kan kwalta. Ido ba ya damuwa da ita sosai, amma dogon gilashi yana tattaro ta duka, tsuntsun ya fito kamar an zana shi a kan ruwa. Babu tsadar kyamarar da ke maganin wannan. Da hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da baƙin suka cika fadama, hazo ne ke shiga tsakani ya wanke launi. Saboda haka lokacin hoto na gaskiya daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar, rana tana bayanka. Wanda ya iya zama shiru a gindin kuka ko bayan kunyar gona har tsuntsu ya manta da shi ya matso mita ashirin, zai fi mai dogon gilashi da ke harbi daga bakin hanya samun hoto mai kyau.

Iri na biyu ita ce babbar kyamara da ake sauya wa gilashi, irin ta masu ɗaukar biki da suna. Sensa ɗinta ta ninka ta waccan fiye da sau goma, tana kama abu da sauri, ita ce ke fito da gashin fiffike ɗaya-ɗaya, ita ce kuma ke tsayar da tsanwaka a iska da shuɗin nan nata mai ɗaukar ido. Hotunan da suka burge ka a intanet galibi da ita aka ɗauka. Amma ɗan gilashin da take zuwa da shi, mai milimita 18-55, ba ya ɗaukar tsuntsu. Mai 70-300 zai yi maka a kan kasko, a fadama kuwa gajere ne. Wanda ke aikin shi ne irin 150-600 na Sigma ko Tamron, shi kaɗai kusan kilo biyu, kuɗinsa kuma yakan fi na kyamarar hannu da za a ɗaura shi a kai. Ka haɗa da jikin kyamara da abin kafawa mai ƙafa uku, ka hau kabu-kabu da su zuwa Kware cikin ƙura, za ka gane cewa kaya ne. Duk sanda ka cire gilashi a fili da hunturu, ƙura ta sauka kan sensa, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Ban ga dalilin da sabon shiga zai fara daga nan ba, sai fa in sana'arsa ce hoto, yana da jikin kyamarar tuni, gilashi kawai zai ƙara.

Yawancinmu na hannu za mu saya, to a duba da kyau. Kayan da suka zauna a Legas ko wani wuri mai laima sukan yi fumfuna a cikin gilashi, za ka gan ta kamar saƙar gizo in ka haska fitilar waya. Ka zuƙo ka mayar sau da yawa kana saurare, in kana jin ƙarar yashi ka bar ta. Ka nemi batir na biyu tun a ranar. In ta zo hannunka, kada ka goge gilashi da gefen riga. Ƙurarmu yashi ce mai laushi, tana kankare rufin da aka yi wa gilashin. A fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan a shafa da ƙyallen tabarau mai tsabta. Kada kuma a bar kyamara ko madubi cikin mota a rufe da rana.

Waya fa? Kyamararta an yi ta ne don fuskar mutane da faɗin wuri, tsuntsu a cikinta ɗigo ne. Amma in ka kanga ta a bakin madubi, ka dafa gwiwar hannu a kan wani abu, za ka sami hoton da ya isa a gane tsuntsun da ke zaune. Tana naɗar kuka da kyau, kuma manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell kyauta ce, ana sauke bayanan tsuntsayen yankinmu a duba ko babu data. Mai madubi da waya ya riga ya toshe rabin giɓin rashin kyamara.

Akwai wani ma'auni da ba a rubuta shi a jikin kwali ba, shi ne idon jama'a. A unguwa, madubin da aka ɗaga sama da katanga yana iya jawo magana mai nauyi, domin maƙwabci bai san tsirya kake kallo a kan itacensa ba, iyalinsa kawai ya sani a bayan katangar. Ka tsayar da kallonka cikin gidanka, in kuma itacen nasa ne ka gaya masa tukuna. A fadama, gonar wani kake takawa. Ka fara da sallama: «Sannu da aiki, Baba. Tsuntsayen nan muke kallo, ko za mu iya zama a gefen nan?» Ka miƙa masa madubin ya duba da kansa. Sau da yawa daga nan shi zai nuna maka inda kirinjijiya ke kwana, ya gaya maka watan da dinya ke zuwa, domin ya fi ka sanin wurin. Ka tuna kuma tsuntsun nan jan baki ba abin sha'awa ba ne a wurinsa, shinkafarsa yake cinyewa. Doguwar kyamara ta fi madubi tayar da hankali, musamman yanzu da tsaro ya taɓarɓare. Kada a nuna ta wajen shingen jami'an tsaro, bariki, gada, filin jirgi ko bangon madatsar ruwa, kada kuma a juya ta wajen mata masu wanki ko ɗiban ruwa. Gabashin jihar, har da wajen Goronyo, duk kyan ruwansa, ba wurin da za a nufa ba ne sai an tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki, an kuma gaida mai gari.

To wane ne zan ce ya fara da kyamara mai zuƙowa? Wanda zuciyarsa ke bakin ruwa kuma yake son abin da ya gani ya shiga lissafi. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar nan, inda aka yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, mai sa kai ya yi aƙalla awa biyu a ciki yana rubuta duk abin da ya gani ta manhajar BirdLasser. Ana kuma iya sakawa a eBird, shafin tara bayanan tsuntsaye na intanet. In ka ce ka ga wani baƙon tsuntsu a Kware, masu tantancewa za su so hujja, hoto kuwa shi ke rufe bakin musu. Wannan rubutu yana da amfani na gaske. Iyayenmu sun san ungulu cike da mahauta da bakin kasuwa, yau sai ka yi wata da watanni ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu gab da ƙarewa. Gauraka ma ta kusa ɓacewa daga fadamun ƙasar nan. Shamuwa da ke iso mana gabanin damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ya kamata a san garuruwan da take sauka har yanzu da waɗanda ta daina.

Ko shi mai farawa da kyamarar, in yana da aboki mai irin wannan sha'awa, dabarar da na fi so ita ce ɗaya ya sayi madubi, ɗaya ya sayi kyamara, su riƙa fita tare. Mai madubi ya fi saurin gano tsuntsu, shi zai ce ga shi can gefen bado, hagu da kwalekwale, mai kyamara ya zuƙo. Fita biyu-biyu ta fi aminci a wannan zamani, kuɗin mai ma ya rabu. Wanda ya sami kayansa da bazara ya fara da kasko, ya saba da ɗaga madubi zuwa ido ba tare da ya ɗauke kallonsa daga tsuntsun ba, ya koyi murza shi da yatsa ɗaya. Ya bi mulufi da zalaidu a gonakin gero da damina, lokacin da mazansu ke cikin ado. Kafin ruwan Rima ya ja baya a Oktoba, laka ta fito, hannunsa ya faɗa.